Hannu Ma Ɗalibi Ne: Yadda Jiki Ke Koyon Wasan Ƙwallon Raga

Laccar da ɗaya daga cikin ɗaliban jami'a na ƙungiya ya gabatar a zaman sashen wasanni da motsa jiki, cikin makon tunawa da kafa ƙungiyarmu



Godiya ta tabbata ga Allah, wanda ya ba mu jiki amana, ya kuma ba mu lafiyar da muke motsa shi da ita. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Ina gaida malamanmu da iyayenmu da ke zaune a gaba, ina gaida shugabannin ƙungiya, ina gaida ƴan uwa maza da mata. Amma a yi mini afuwa, yau maganata da ƙannena take, ku da ke can baya kusa da ƙofa.

Da aka ba ni wannan batu, wani abokina ya yi dariya, ya ce: "Ana bikin ƙungiyar addini, wani zai yi magana kan tarbiyya, wani kan neman ilimi, kai kuma sai balo?" Na ce mishi ya zo filinmu bayan la'asar ya ƙirga da idonshi. Duk lokacin da aka koma lakwal, sababbin yara kan cika bakin fili har wurin tsayawa ya yi wuya. Kafin sanyi ya fita, sai ka ga saura ƴan kaɗan, su ma waɗanda dama sun iya. Sauran ina suka tafi? Ba gida suka koma karatu ba. Suna fada wajen shayi, suna bakin titi, suna kan salula har magariba ta wuce su. Kuma mun sha gani: yaron da ya bar filin ƙungiya, ba a daɗe ba sai ya bar darasi, daga nan ya bar ƙungiyar ma. To kun ga maganar balo ba ƙarama ba ce a wurinmu.

In ka tambayi wanda ya daina zuwa, amsar kusan ɗaya ce: "Ni ba ni da baiwar abin." Wannan maganar nake so mu kwance yau.

Ina da shekara 14, ina kwalej, ranar da na fara shiga fili. Balo na farko da ya zo mini, na haɗa hannu na kai mishi duka kamar mai faskaren icce. Ya tashi ya tsallake katanga ya faɗa gidan maƙwabta. Aka kwashe da dariya. Wani yaya daga cikin manyan ƴan wasa ya ce mini: "Kai ba ka da hannu. Tsaya can bakin katanga ka riƙa ɗauko mana balo." Na tsaya, kuma shekarar nan duka aikina kenan. Mu biyu muka zo ranar, ni da abokina. Shi tun mako na biyu bai sake dawowa ba, alhali ya fi ni tsawo, ya fi ni tsalle. Ni abin da ya riƙe ni taurin kai ne, da wani tsohon balo da aka yar, da bangon zauren gidanmu. Kullum in na dawo daga sallar asuba, sai in yi minti 15 ina buga ma bango yana maido mini. Inna ta yi faɗa har ta gaji, don yaɓen bangon ya fara zuba. Shekara na zagayowa, wanda ya ce ba ni da hannu shi ne ya fara cewa: "Yaron ga yana da baiwa." Hannun dai shi ne na bara.

Ban ce Allah bai fifita wani a kan wani ba wajen tsawo ko ƙarfi ko sauri. Ya fifita. Amma tarbar balo, da ɗaga shi, da aika shi inda kake so, waɗannan koyonsu ake yi, kuma jiki yana da hanyar da yake bi ya koya. In an bi ta sai ya iya. In an saɓa mata sai a ɗora ma yaro laifin da ba nashi ba.

Mi ya sa farkon wasan ke da wuya?

Wani Ba'amurke ne mai suna William Morgan ya ƙirƙiro wasan a shekarar 1895, a garin Holyoke, cikin wata ƙungiyar matasa ta Kiristoci, YMCA. Ku lura, a ƙungiyar matasa aka haifi wasan. Kuma ya yi shi ne don magidanta waɗanda gudu da turereniyar ƙwallon kwando suka fi ƙarfinsu. Wato tun asali wasa ne da aka yi don kowa ya samu shiga. An kafa hukumarshi ta duniya a Paris a 1947, ya shiga gasar Olamfik a Tokyo a 1964.

Fili mita 18 ne a tsawo, mita 9 a faɗi. Tsawon raga mita 2,43 ga maza, mita 2,24 ga mata. Mutum shida a kowane ɓangare, kuma sau uku kawai ɓangare zai taɓa balo kafin ya maida shi. Amma dokar da ta fi wahalar da sabon shiga ita ce: ba a riƙe balo. A ƙwallon ƙafa kana iya tsayar da shi, ka ɗaga kai ka duba, sannan ka ba wani. Nan babu wannan. Taɓawa ɗaya ce, ƙiftawar ido, kuma cikinta za ka karɓa ka aika. Duk aikin ana yin shi kafin balo ya iso: ido ya karanta, ƙafa ta kai ka wurin, jiki ya daidaita. Saboda haka in ka ga sabo yana ta kuskure, ba rashin hannu ba ne. Wasan ne haka ga kowa a farko.

Matakai uku

A 1967 wasu masana biyu na Amurka, Fitts da Posner, sun bayyana cewa duk wani aikin jiki da mutum ke koyo yana ratsa matakai uku.

Mataki na farko, kai ne ke aiki. Kana tunanin kowane motsi: ina zan sa ƙafa, yaya zan haɗa hannu. Jiki ya sandare, kuskure ya yi yawa, kuma ba ka san ma daga ina kuskuren ya fito ba. Ku tuna ranar da kuka fara koyon keke, ido na kan ƙafa, hannu na rawa.

Mataki na biyu, ka san abin da ake so, saura ka daidaita. Yau ya yi kyau, gobe ya lalace. Alamar ka shigo nan ita ce ka fara jin kuskurenka da kanka: balo na barin hannunka ka san ya ɓaci kafin wani ya faɗa maka. Wannan matakin ya fi kowane tsawo, kuma nan ne mutane suka fi gajiya, don ci gaban ba ya fitowa fili kullum.

Mataki na uku, jiki na yi ba tare da ka umarce shi ba. Hankalinka ya samu sarari ya duba abokan hamayya, ya ga inda suka bar rami.

Ni makarantar faranko-arab na yi. Hannuna ya koyi rubutu daga dama zuwa hagu, ya kuma koyi daga hagu zuwa dama. Na tuna yadda nake danne alƙalami har yatsa ya yi ciwo, harshe a waje. Yau ina rubuta duka biyun ina hira. Haka ku ma da kuke zuwa darasin tajwidi: wata nawa harshenku ya yi kafin ya raba sin da sad? Ba ina haɗa darajar karatu da ta wasa ba, Allah ya tsare. Abin da nake cewa, harshe tsoka ne, hannu ma tsoka ne, Mahaliccinsu ɗaya, kuma babu malamin kirki da zai kori yaro ranar farko don bai fitar da harafi daidai ba. Da rarrafe yaro kan tashi.

Kaɗan kullum ya fi da yawa rana ɗaya

A Ingila an taɓa yin gwaji da ma'aikatan gidan waya masu koyon buga keken rubutu. An fitar da sakamakon a 1978. Wasu suna yin awa ɗaya a rana, wasu awa biyu, wasu awa huɗu. Da aka ƙirga jimillar awoyin da kowane rukuni ya ci kafin ya iya, masu awa ɗaya a rana su suka fi saurin koyo. Dalili a fili yake: in jiki ya gaji, hankali ya watse, maimaitawar da kake yi ba ta ƙara komai, wani lokaci ma kuskure kake zaunarwa. Sannan ƙwaƙwalwa na buƙatar hutu da barci don ta adana abin da jiki ya koya. Shi ya sa abin da ya gagare ka da marece, wani lokaci sai ka wayi gari ya zo da sauƙi.

Saboda haka, ƙanena, minti 15 kullum da bango ya fi maka awa uku ranar lahadi kaɗai. Kuma wanda ya kwana kan salula har ƙarfe biyu na dare, ya sani ya zubar da wani abu daga cikin wahalar da ya sha a fili.

Layi ba ya koyar da kowa

Bari mu yi lissafi a kan abin da muke yi. Yara 12 sun jera layi, babba ɗaya na jefa musu balo ɗaya bayan ɗaya. In kowane jifa da ɗauko balo na cin sakan 10, cikin minti 15 an yi jifa 90. A raba ma mutum 12: kowa ya taɓa balo sau 7 ko 8. Wanda ya fi kowa samun horo a wurin shi ne mai jifar, wanda dama ya iya!

Ga gyara, kuma ba ya cin kuɗi. A samu igiya a ɗaure ta bisa tsawon fili, daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Mita 18 ɗin nan sai ta ba mu ƙananan filaye uku, kowane mai faɗin mita 6. A kowane fili biyu da biyu. Yara 12 ɗin duka suna wasa lokaci ɗaya da balo uku. A wasan biyu da biyu babu wurin ɓuya: in ba kai ka tarba ba, kai za ka ɗaga. Cikin minti 15 ɗin nan kowa zai taɓa balo ninkin ba ninkin abin da zai taɓa a layi. A sauke igiyar daidai tsawon yara, ba dole sai 2,43 ba. Ga sababbi fil, a yarda su cafe balo na biyu su jefa shi sama, har zuwa lokacin da hannu zai saba. Wannan ba ha'inci ba ne, tsani ne.

A cakuɗa, ko da zai yi muni

Wannan shi ne abin da ya fi ba ni mamaki da na karanta shi. A 1979 masana biyu, Shea da Morgan, sun sa mutane su koyi motsi iri uku. Rukuni na farko na maimaita iri ɗaya har su gama, sannan su koma na biyu. Rukuni na biyu an cakuɗa musu, ba su san wanda zai biyo ba. Lokacin horo, na farko sun fi yin kyau. Amma da aka dawo aka gwada su daga baya, waɗanda aka cakuɗa ma su suka fi riƙe abin.

Masu hadda a cikinku sun san wannan tun kafin Turawa su auna shi. Wanda ya saba tishi daga farkon sura kawai, ranar musabaƙa in alƙali ya jawo mishi daga tsakiya sai ya tsaya. Wanda ya saba a riƙa jawo mishi daga ko'ina, shi ke wucewa. A fili ma haka: balo bai taɓa zuwa sau biyu iri ɗaya ba. In kullum ana jefo maka shi a hankali daidai cibiya, za ka yi kyau a horo, ranar wasa ka rasa inda za ka sa kanka.

Ba ina cewa a yar da maimaitawa ba. Sabon shiga na buƙatar ya maimaita abu ɗaya har ya gane siffarshi. Amma da zarar ya gane, a fara canzawa: wannan gajere, wannan dogo, wannan dama, wannan hagu. Kuma balo ya riƙa zuwa ta saman raga, don ta nan zai zo ranar wasa. Bangon da na ba ku labari ya koya mini taɓa balo, amma bai koya mini karanta sarbis ɗin mutum ba. Wannan sai a fili. In kun ga horo ya ɗan yi muni, balo na faɗuwa, kada ku ce an ɓata lokaci. Sau da yawa a nan ne ake koyo.

Yadda ake gyara ma ƙane

Yanzu ina magana da ƴan uwana manya. Yaro ya yi kuskure ɗaya, mutum biyar sun taso mishi: "Lanƙwasa gwiwa! Miƙe hannu! Kalli balo! Matsa gaba! Kai wane iri ne?" Wanda ke mataki na farko, kanshi dama a cike yake. Ka ƙara mishi magana biyar, ka kashe shi. Abu uku nake roƙo.

Na ɗaya, gyara ɗaya a lokaci ɗaya, daga bakin mutum ɗaya. Ka zaɓi kuskuren da ya fi girma, ka bar sauran sai wani mako.

Na biyu, ka maida hankalinshi kan balo da inda za shi, ba kan gaɓoɓin jikinshi ba. Wata masaniya mai suna Gabriele Wulf ta daɗe tana bincike a kan wannan, har da gwaji a kan sarbis na ƙwallon raga, ta nuna cewa mai koyo ya fi ci gaba in hankalinshi na kan sakamakon motsi. Ni ma gyaran da ya fi yi mini amfani a rayuwa kalma ɗaya ce daga mushenmu na motsa jiki a kwalej. Ya ce: "Hannuwanka allo ne. Juya allon ya kalli inda kake so balo ya je." Shi kenan. Bai yi maganar kafaɗa ko gwiwa ba, amma duk suka gyaru.

Na uku, kada ka yi gyara bayan kowane bugu. In ka saba mishi da haka, zai dogara da bakinka, ranar da ba ka nan ya rikice. Bar shi ya yi biyar ko shida, sannan ka tambaye shi: "Mi ka ji? Mi ya sa ya tafi hagu?" In akwai salula, a ɗauke shi bidiyo na ƴan sakan ya ga kanshi. Gani ya kori ji.

Ga kalma ɗaya ɗaya da za ku iya amfani da ita a kowane bugu:

Tarba, wadda muke ce ma manshet: ƙafa ta riga hannu isa. Balo ya sauka tsakanin wuyan hannu da gwiwar hannu, ba kan yatsu ba. Ba duka ake yi ba, allo ake nuna mishi.

Ɗagawa, wato pas: ka shiga ƙarƙashin balo har ya zama in ka janye hannu, a goshinka zai faɗo.

Sarbis: rabin aikin na wajen jefa balo sama. Ka jefa shi wuri ɗaya kullum, ka doki tsakiyarshi. Doka ta ba ka sakan 8 bayan busar alƙali, kada ka yi gaggawa. Sabo ya fara da na ƙasa, doka ta yarda da shi, kuma sarbis na ƙasa da ya tsallake ya fi na sama da ya faɗa raga.

Simash: mai bugu da dama, takunshi hagu, dama, hagu, sannan tsalle. Ka doki balo a can sama, gabanka kaɗan. Ka dira da ƙafa biyu, a ɓangarenku. Targaɗen idon sawu shi ne raunin da ya fi yawa a wasan nan, kuma galibi yana faruwa ne in wani ya dira kan ƙafar wani a ƙarƙashin raga.

Ido kafin hannu

Sarbis ɗin manyan ƴan wasan duniya na wuce kilomita 100 a awa. Balo mai wannan gudun na isa ga mai tarba cikin kusan rabin sakan. Shi kuma ɗan Adam, tsakanin ya ga abu da ya fara motsawa, yana cin kusan kashi ɗaya cikin biyar na sakan. To yaya suke tarba? Ba su jiran balo. Suna karanta mai bugu: inda ya jefa, inda kafaɗarshi ta fuskanta, yadda ya taho. Kamar ɗan kokowa da ke jin inda abokin karawarshi zai kai hannu tun daga yadda ya dasa ƙafa.

Wannan ma koyonshi ake yi. In kana bakin fili kana jiran a sa ka, kada ka bi balo da ido kamar ɗan kallo. Zaɓi mai sarbis, ka faɗa a ranka inda zai aika kafin ya buga, ka ga ko ka dace. Ni shekarar da na yi ina ɗauko balo, ashe abin da nake koyo kenan ban sani ba. Amma ban yafe a mai da wani ɗan ɗauko balo da wannan hujjar ba.

Tsakanin la'asar da magariba

Lokacinmu kaɗan ne, ga shawarar yadda za mu raba minti 75. Minti 10 ɗumama jiki, da balo a hannu, ba zagayen fili kawai ba. Minti 15 a kan bugu ɗaya da aka zaɓa ma ranar. Minti 25 ƙananan wasanni a kan igiya, ana canza abokai, babba da ƙarami a haɗe. Minti 20 shida da shida, kowa ya shiga. Minti 5 na ƙarshe a miƙe jiki, kowa ya faɗi abu ɗaya da ya gyara yau. A sauke raga tun kafin kiran salla, yadda za a samu alwala cikin natsuwa. Wasan da ya ci sahun farko, ko an ci shi an yi asara.

Lokacin bazara, da zafi ke wuce digiri 40 a garuruwanmu, a jira rana ta yi sanyi, kowa ya zo da ruwanshi, a riƙa sha tun kafin ƙishirwa ta kama. Wanda ya ji jiri ko ciwon kai ya fita ya zauna inuwa, ba ragwanci ba ne. Cikin azumi a rage tsalle da gudu, a riƙe abin da ba ya cin ƙarfi kamar jefa balo na sarbis da pas, ko a maida wasan bayan asham in akwai haske. A share fili daga duwatsu da kwalabe kafin a fara. Wando ya rufe gwiwa. Babu caca, ko ta dala biyar ce, ko ta ledar ruwa.

Ƴan uwa mata

Duk abin da na faɗa, jikin mace ma haka yake koyo. Zinaren farko na mata a Olamfik, a 1964, ƴan Japan ne suka ci shi, mafi yawansu ma'aikatan wata masaƙa ce kusa da Osaka, suka doke Tarayyar Sobiyet a wasan ƙarshe. Ba su kai abokan karawarsu girman jiki ba, sai suka ƙware a tarba, har da wadda ake mirginawa a ƙasa a miƙe nan take. A 2016 kuma, a Riyo, ƴar Masar Doaa Elghobashy ta buga ƙwallon raga na rairayi da lulluɓinta, hannu da ƙafa a rufe. Sutura ba ta hana. Wasan nan ma raga ce ta raba ɓangarori, babu kokowa da jiki. Abin da ƴan uwanmu mata ke buƙata shi ne wuri killatacce, da lokaci nasu, da babbar yaya da za ta tsaya musu, da yardar iyaye. Ina miƙa wannan ga shugabanni da malamanmu su duba yadda zai yiwu.

Kammalawa

Kafin in zauna, akwai bashi a kaina. Bara, muna wani wasa da ya yi zafi, wani ƙanenmu ya ɓata tarba sau uku a jere. Na juya na daka mishi tsawa gaban kowa, na ce a fitar da shi. Sai da na koma gida na gane muryar wa na ji a bakina: muryar yayan nan ce da ya tura ni bakin katanga. Yaron bai dawo fili ba sai da na je har gidansu. Yana cikin ɗakin nan, ya san kanshi. Na roƙe shi gafara a ɓoye, yau ina sake roƙo a bainar jama'a, tunda a bainar jama'a na yi laifin.

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ina roƙon mu fita daga wannan biki da alkawari uku. Kada a sake ce ma kowa "ba ka da hannu" a filin ƙungiyar nan. A sayi igiya a wannan makon, a fara ƙananan wasanni. Kuma kowane babba ya tuna yaro ɗaya da ya daina zuwa, ya je ya same shi, ya ce mishi ana jiranshi.

Ku kuma ƙannena, ku nemi bango, ku nemi balo ko tsoho ne. Ku riƙe ɗan littafi, ku rubuta sau nawa kuka tarba a jere ba tare da ya faɗi ba. Yau uku ne, ku rubuta uku. Bayan wata ɗaya ku zo ku nuna mini. Ku yi niyyar kula da amanar jikin da Allah ya ba ku, da ƙarfafa zumunci tsakaninku, don a samu lada a cikin abin da ake jin daɗinshi. Haƙurin da za ku koya wajen tarbar balo, wallahi za ku same shi yana jiranku a karatu da sana'a.

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren da ke ciki nawa ne, malamai su gyara mini. Allah ya saka ma waɗanda suka kafa wannan ƙungiya da alheri, ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, ya ba mu lafiya mai amfani, ya zaunar da ƙasarmu Nijar lafiya.